Waɗanda suka sayi gida a Zanzibar, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa yi da kansu nake nema, ba labarin "an ce" ba. Hutun ƙarshen shekara na kai iyali Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, kwana tara muka yi a Nungwi da ke arewacin tsibirin, kuma wallahi tunda na dawo Kano wurin bai fita raina ba. Wani dillali ya zaga da ni wasu gidaje da ake kan ginawa, yace in na sayi mai ɗaki biyu da falo zan riƙa zuwa ina yin wata biyu ko uku a shekara, sauran watannin a zuba masu yawon buɗe ido su biya da dala, gida ya ci da kansa. Ni abin da ke tura ni naira ce, duk ɗan kasuwa ya san abin da ya same mu daga Yunin 2023, dala tana wajen 460 a banki, ba a cika shekara ɗaya ba ta haura 1,500, kana zaune a shago jarinka na narkewa. Shi ne nace ko in mayar da wani abu gini a waje. Wanda ya saya ya faɗa min gaskiya komai ɗacinta.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Shekarata uku da saya, a ɓangaren Fumba, kudu da birnin Zanzibar kaɗan. Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai, ƙasar ba za ta taɓa zama taka ba. A dokarsu ta 1992 duk ƙasar Zanzibar ta gwamnati ce, ɗan Zanzibar kaɗai ake ba haƙƙin mallaka, baƙo haya ce ta dogon zango yake samu, iyakarta shekara 99. To ka cire tunanin irin filin da kake saya a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki ka zagaye ka manta da shi har jikoki. Akwai dokar gidaje masu haɗaka ta 2010, ita ce ta ba mu damar a rubuta ɗakunan da sunanmu a cikin babban gini, kuma dole aikin ya zama hukumar zuba jari ta ZIPA ta amince da shi. Ni da ƙafata na je ofishinsu na tambaya kafin in tura ko sisi, kuma lauyan da ya duba min takardu ni na nemo shi ni na biya shi, ba na masu ginin ba. Kar ka yarda lauya ɗaya ya tsaya maka ya tsaya wa mai sayarwa.
Sannan maganar takardar zama da suke kwaɗaita wa mutane, gaskiya ce, tun 2021 aka sanar, amma sai gidan ya kai dala 100,000 kuma yana cikin ayyukan da aka amince da su. Ba kowane gida ba.

Hajiyar Kaduna:
Alhaji a Disamba ka je, shi yasa. Kowa ya je a Disamba sai ya dawo yana neman gida, ni ma haka ta faru da ni, ni da maigida Allah ya jiƙansa. Ka koma a Afrilu ka gani. Daminarsu babba suna ce mata masika, daga Maris zuwa Mayu, ruwa ne ba irin namu da zai zuba awa ɗaya ya ɗauke rana ta fito ba, sai ya wuni ya kwana, wasu otal ɗin ma rufewa suke a lokacin saboda ba baƙi. Shekarar farko mun kulle gida a Fabrairu muka dawo Najeriya, bamu koma ba sai Yuli, wallahi ina buɗe ƙofa warin danshi ya buge ni, atamfofina da lesuka da na bari a durowa duk sun yi funfuna, katifa ta yi baƙi-baƙi, takalman fata sun zama kore. Na zauna a ƙasa na yi kuka don akwai zanin da mahaifiyata ta bar min a ciki. Mu mutanen Arewa ƙura muka sani da hunturu, bamu san iskar gishiri ba. Ita kuma ƙarfe take ci, ƙyauren gate, hannun ƙofa, famfo, injin AC na waje, wanda zai yi maka shekara goma a Kaduna can sai ka ga ya fara ruɓewa kana ji kana gani. Duk kuɗin hayar da aka tara mana a shekarar, gyara ya lashe fiye da rabi.
Yanzu na koyi darasi, ba a rufe gidan gaba ɗaya, akwai yarinyar da ke zuwa sau biyu a sati ta buɗe tagogi ta kunna fanka, kaya masu daraja kuma bana barinsu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni abin da ya wahalshe ni biza ce, kuma ku 'yan Najeriya jirgi ɗaya ya kwaso mu. Nijar da Najeriya da Cadi duk muna cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai ka cika a intanet ka jira izini ya hito daga hukumar shige da ficensu, kuma ba ranar da za ka ce ga ta. Bature ya sauka ya biya ya wuce, kai da kake da gida a garin kana gida kana jira. An taɓa kirana bututun ruwa ya fashe a bene na sama ya zubo ma nawa, na so in tashi cikin satin, sai da na kwashe kusan wata ina jiran takarda. To wanda ke tunanin "in wani abu ya taso sai in hau jirgi", ya sake lissafi, in dai ba ya samu takardar zama ba. Ga kuma inshorar dole da suka sa tun Oktoban 2024, dala 44 kowane baƙo baligi, in kuna da yawa a gida ka lissafa.

Bazango daga Kumasi:
Mu dai masu fasfo na Ghana ba mu da wannan matsala ta biza, Alhamdu lillah. Tawa daban ce. Na saya a gabas, wajen Jambiani, hoto kawai na gani da bidiyo, ruwa shuɗi har bakin katanga. Da na iso da rana tsaka sai na tarar teku ta janye can nesa, sai ka yi tafiya mai tsawo cikin yashi da duwatsu kafin ka taɓa ruwa, mata suna ta aikin gonar ciyawar teku a wurin. Ashe haka gabas take, ruwa ya tafi ya dawo sau biyu a rana. Nungwi da Kendwa da Alhaji ya sauka su ne ruwan bai cika gudu ba, shi yasa suka fi tsada. Ban ce na yi asara ba, masu wasan lilo da iska a kan ruwa suna cika Paje da Jambiani lokacin iskar kusi wajen Yuni zuwa Satumba, da kuma ta kaskazi daga Disamba, a nan nake samun baƙi. Amma iyali masu yara da nake sa rai, da yawa kwana biyu suke yi su koma arewacin tsibirin.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta. To maganar kuɗin hayar fa, da gaske yana shigowa yadda suke faɗa?

Injiniya:
Yana shigowa amma ba yadda ke cikin takardar tallan ba. Su lissafinsu kamar kullum gida a cike yake. Ka fara cire watannin damina. Sannan ka cire kason masu manhajar kama masauki irin Airbnb da Booking, ka cire kason kamfanin da ke kula da gidan, kuɗin hidimar unguwa na wata-wata wanda ko da baƙo ko babu sai ka biya, wuta ta kati ce kuma baƙo ba ruwansa, zai bar AC a kunne ya tafi teku tun safe, sai haraji. Abin da ya rage shi ne naka. Kuma ga abin da ba wanda ya faɗa min, watannin da kai kake sha'awar zuwa, Disamba da hutun Agusta na yara, su ne dai watannin da gidan ke kawo kuɗi. In ka zauna a ciki ka cinye ribar shekara, in ka bar wa baƙi kai kuma sai ka zo a damina. Ni na zaɓi Oktoba da farkon Nuwamba, da kuma azumi in ya faɗo inda ba cunkoso.
Wani abu kuma, tun Maris 2025 gwamnatin Tanzaniya ta ce ciniki a cikin ƙasa da shilin za a riƙa yi, ba dala ba. To ka tambayi dillalin naka dalla-dalla da wane kuɗi za a biya ka, a wane asusu, kuma ta yaya zai iso hannunka.

Malama:
Ni ba kuɗi ne ya raba ni da nawa ba. Na sayar bara, kuma ban yi nadama ba. Garin na musulmi ne, kana jin kiran sallah ta ko'ina, mata da hijabi, azumi da daɗi, wannan ne ma ya ja ni. Amma wanda zai kama maka gida a bakin teku yawanci ba ɗan gari bane. Ranar da na zo ba zato na tarar da mai shara tana fitar da kwalaben giya cike da buhu daga ɗakin da nake shimfiɗa darduma, jikina ya yi sanyi. Na rubuta a ƙa'idar gida ba giya, ba kawo baƙin dare, sai baƙi suka ragu sosai, masu kula da gidan suka fara ƙorafi don su ma kasonsu ya ragu. Na tambayi malamai, wani ya sassauta wani ya tsananta, ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya da kuɗin. Da na tashi sayarwa kuma sai da na yi wata goma sha ɗaya kafin in samu mai saye, don duk mai kuɗin da ya zo sabon gini ake nuna masa da biya kaɗan-kaɗan, wa zai kalli na hannu. Ba kamar fili a Kano bane da za ka kira dillali yau, jibi an yi ciniki.

Hajiyar Kaduna:
Malama kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni mafitar da na samu, na daina hayar kwana-kwana, na ba wasu ma'aurata ma'aikata hayar wata tara, kuɗin bai kai ba amma hankalina kwance, kuma gidan da mutum ke ciki baya funfuna.
Sai maganar gado, Alhaji dan Allah kar ka ɗauke ta da wasa. Da maigida ya rasu takardu duk da sunansa suke shi kaɗai. Suna da kotun Kadhi mai duba gadon musulmi, ba a zalunce mu ba, amma kai takardu daga nan, a fassara, a buga hatimi, a koma a dawo, ga ni cikin takaba ba halin tafiya, sai babban ɗana ne ya riƙa zirga-zirga ta Addis Ababa yana barin aikinsa. Tun kana da rai ka zaunar da iyali ka nuna musu komai, lauya ya rubuta yadda za a yi.

Ɗan Maraɗi:
Kar dai mu tsorata shi gaba ɗaya. Ni in na je ina jin daɗi ƙwarai. Mutanen na da kunya da girmama baƙo, kuma harshen bai da wuya ga Bahaushe, dalali dillali ne, sabuni sabulu, asubuhi asuba, habari labari. Agogonsu ne kawai sai ka kiyaye, daga fitowar rana suke fara ƙirga, in mai gyara yace maka saa nne, wato awa huɗu, ƙarfe goma na safe yake nufi, ni na taɓa zaman jiran mutum ƙarfe huɗu na yamma alhali ya zo tun hantsi ya koma. A masallaci Shafi'iyya ne mafi yawa, za ka ji liman na ƙunuti a bayyane da asuba, ba wanda zai kalle ka don ka saki hannu. Kuma ka je ka gaida sheha, shi ne kamar mai unguwa wurinmu. Ranar da rigimar iyaka ta taso tsakanina da maƙwabci shi ya kashe ta a zaune, don ya san ni tun zuwana na farko.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne. Ƙari ɗaya, wutar tsibirin ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin Tanzaniya, tsofaffin gari har yanzu suna ba da labarin yadda suka yi wata uku a duhu daga Disamban 2009 zuwa Maris 2010 da layin ya lalace. An ƙara sabon layi daga baya amma ana ɗaukewa jefi-jefi, to ka duba ko ginin na da janareta ko sola, da rijiyar burtsatse, kuma ka ɗanɗana ruwan da bakinka don na kusa da teku wani da gishiri yake fitowa.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Dama jibi ne dillalin yace in tura kuɗin kamun gida wai saura biyu, yanzu na tura masa saƙo nace ya dakata. Na yi magana da uwargida, za mu nemi biza tun yanzu mu je a Afrilu mu kama haya ta wata ɗaya a unguwar da ginin yake, in ga ruwan da idona, in je ZIPA, in zauna da lauya. Injiniya in kana can a lokacin ina so in zo in ga naka, musamman takardar lissafin da masu kula da gidan ke turo maka duk wata, in ba damuwa.

Injiniya:
Ba komai Alhaji, bana nan a Afrilu amma zan sa a buɗe maka, takardun shekara biyu kuma zan turo maka yau da daddare in sha Allah. Ka taho da takalmin roba da lema.