Cinyoyina sun ɗaure bayan na sauka daga keke

Salam 'yan uwa, don Allah masu yin tirayatilon (gasar iyo, keke da gudu a jere) ku taimaka min. Na shiga gasata ta farko mai dogon zango, iyo kilomita 1.9, keke 90, sai gudu 21.1. Iyo da keke lafiya lau, amma ina fara gudu ko kilomita 4 ban yi ba cinyoyina suka ɗaure tamau, cikina ya hau murɗawa, ragowar da tafiya na ƙarasa, wallahi abin ya min ciwo.

Ruwa na sha, jel ma (abin nan mai kauri da ake sha don ƙarin kuzari) guda uku a kan keke. To gishiri ne ya min ƙaranci ko ƙarfi na zuba da yawa a keken? A atisaye kuma ban cika haɗa keke da gudu a jere ba, ko shi ne matsalar?