Sansanin lissafi na dogon hutu ga 'yan JSS: me za a koyar, yaya za a raba yini?

Baban Ummi, Agege

Assalamu alaikum malamai. Ƙungiyar unguwarmu na shirin tara yara 30 'yan JSS1 da JSS2, maza 18, mata 12, a yi musu sansanin lissafi na mako uku a watan Agusta, kwana da yini. Wata makarantar kwana ta ba mu aron ɗakunan kwana biyu da azuzuwa uku. Yaran daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 suke, 'ya'yan masu gadi, masu shayi da 'yan dako, duk a makarantun gwamnati. Muna da malamai huɗu da ɗaliban jami'a shida masu sa kai. Inda kan ya rabu shi ne: wasu sun ce a fara musu littafin JSS3 saboda BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wasu sun ce a horar da su irin na Cowbellpedia, gasar lissafin 'yan sakandare da ake nunawa a talabijin. Wanne ya fi? Kuma yaya ake raba yini don kada yara su gundura?

Malama Mai Alli

Wa alaikumus salam, Baban Ummi, Allah Ya saka da alheri. Ni dai ban goyi bayan ko ɗaya ba. In littafin JSS3 za ku bi, to lesin ke nan, kuma lesin ba ya buƙatar katifa da gidan sauro. Cowbellpedia kuwa sauri take sakawa, yaron da tushensa ke rawa in ka sa masa agogo sai ya ƙara tsanar lissafin. Abin da kwana tare ke ba ku, wanda aji mai cunkoso ba ya bayarwa, shi ne lokaci: yaro ya zauna kan tambaya guda minti arba'in, ya kwana da ita, da safe ya dawo da dabara.

Amma kafin nan ku san inda ramukan suke. Ranar farko ku ba su tambayoyi goma sha biyu, ba maki, ba jan biro, kuma waɗannan ukun su kasance ciki:

8 + 4 = ? + 5. Wanda ya rubuta 12 ya ɗauka alamar daidai tana nufin "ga amsa". Amsar 7 ce. Wannan yaron in ya shiga aljabara a haka, hadda kawai zai yi ta yi.

1/2 + 1/3. Za ku ga 2/5 da yawa, an tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Kada a ce masa ya yi kuskure. A tambaye shi: kana da rabin burodi, an ƙara maka, ya za a yi ka koma ƙasa da rabi? Sai a yanka kwali tsawon santimita 24. Rabi 12, sulusi 8, an haɗa 20 cikin 24, wato 5/6. Yaran Islamiyya sun saba jin sumuni da sudusi a darasin gado, kuma 24 ɗin nan ita ke ba da 3 da 4 cif, don haka kalmomin ba baƙi ba ne a kunnensu.

Wanne ya fi girma, 0.25 ko 0.3? Mai cewa 0.25 yana kallon 25 da 3 ne. Da can kwabo ake kawowa a misali, yaran yanzu ba su taɓa riƙe shi ba. Ku ɗauko tef ɗin tela: santimita 25 da santimita 30 cikin mita ɗaya.

Gyaran waɗannan ramuka minti 30 ne kullum, cikin rukunin yara biyar da mai sa kai ɗaya. Kada ya wuce haka, kada kuma a ware "ajin daƙiƙai", don kafin la'asar sunan ya bi yaro har ɗakin kwana.

Sauran lokacin na tambayoyi masu zurfi ne, ɗaya ko biyu a zama. Ga biyu da marfin kwalba kaɗai suke buƙata. A zuba marafa 21, mutum biyu na ɗauka bi da bi, ɗaya, biyu ko uku, wanda ya ɗauki na ƙarshe ya ci. Sirrin shi ne ka riƙa bar wa abokin wasa 20, 16, 12, 8, 4. Mai sa kai ya yi ta cinye su ba tare da ya faɗa ba, in sun tsaya cik sai ya rage marafan zuwa biyar su gani da kansu. Ta biyu: marafa 30 a jere a kife, da lamba a kan kowane. Yaro na farko ya juya duka, na biyu ya juya 2, 4, 6, na uku 3, 6, 9, har na talatin. Waɗanda za su ƙare a buɗe su ne 1, 4, 9, 16, 25. Me ya sa? Masu raba kowace lamba bibbiyu suke zuwa, kamar 2 da 6 a 12, sai a lambar da ta fito daga ninka abu da kansa, inda 4 ke tsayawa ita kaɗai a 16. Wannan ta isa aikin safiya biyu.

Babbar matsalarku ba yaran ba ce, ɗaliban jami'ar nan ne. Da sun ga yaro ya yi shiru sai tausayi ya kama su, su karɓi biro. Ku ba su horon kwana biyu, da doka ɗaya: hannu a baya, baki da tambaya. "Me ka gwada?" "In lambar ƙarama ce fa?" "Zana mini."

Ɗan Idi-Araba

Malama ta gama magana, sai dai minti 30 na gyara ya yi kaɗan a mako na farko. Yaron da bai riƙe sau-sau ba ba zai ga komai a wasan marafa 30 ba, ƙirga da yatsu zai cinye masa tunani. A ba shi minti 45 a makon farko, sannan a rage.

Ku sa murabba'in lambobi, wanda a gida muke sani da hatimi. Wani malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, ya kammala rubutu da Larabci kan yadda ake gina su a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron da ya ɗauka lissafi kayan Turawa ne ya kamata ya ji wannan suna. Ku dai yi wa iyaye bayani tun wuri cewa tara lambobi ne kawai, kada yaro ya koma gida ya ce ana koya musu hatimi, a wayi gari an zo ɗaukarsa.

Yadda za a bi: gida tara, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi, tsaye, kwance da karkace, jimlarsa ɗaya. Kada a faɗi jimlar. Su tara duka su sami 45, layi uku ne, to 15. Sai tambaya mai daɗin: don me dole 5 ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya sau huɗu, wato 45 da na tsakiya sau uku. Saura 15, a raba uku. Wannan hujja ce cikakkiya, kuma ɗan shekara goma sha biyu na iya miƙewa ya faɗe ta. Daga nan a koma gida 25, jimla 65.

Ga wata ta nan Legas. Gadoji uku ke kai mutum tsibiri: Carter, Eko da Third Mainland. Ka tashi daga Agege, ka hau kowace sau ɗaya tak, za ka iya kwana a gida? Ba za ka iya ba, shiga, fita, shiga. Batun cika da mara ne, ko shafa'i da wutiri in sun fi gane haka. Shi ne tunanin da masanin lissafi Euler ya yi amfani da shi a 1736 kan gadoji bakwai na birnin Königsberg a Turai, sai a zana musu wancan su gwada.

Harshe kuma: su yi gardama da Hausa ko burokin yadda suka ga dama, amma rubutun ƙarshe da Turanci, don da shi za a yi jarrabawa. Sau da yawa ba lissafin ke kayar da su ba, kalmomin tambayar ne. A kafa kwali a bango, duk kalmar da ta tare su a rubuta ta da ma'anarta.

Hajiya Uwar Ɗaki

Malamai, duk wannan ba ya shiga kan yaron da sauro ya hana barci. Gidan sauro 30, kowa nasa, a ɗaura kafin su iso. Ruwan sama kan lafa a Agusta amma ba a amince masa, a tanadi igiyar shanya a ƙarƙashin rumfa.

Lissafi awa huɗu a yini ya isa: 8:30 zuwa 10:00, hutu da ɗan abin taɓawa, 10:30 zuwa 12:00, sai awa ɗaya bayan la'asar. Bayan azahar da abinci barci ne, duk darasin da kuka sa a nan asara ce. Yamma ƙwallo, bayan isha dara ko ayo, fitila ta mutu ƙarfe 9:30. Juma'a zama ɗaya. Kada ku dogara da wutar NEPA, fitilun caji biyu a kowane ɗaki.

Takardar yardar iyaye a karanta musu ita da Hausa, da tambayoyi a kan sikila, asma da maganin da yaro ke sha, da lambar waya biyu. Ɗakin mata sai babbar mace mai kwana a ciki, da audugar mata a ajiye inda yarinya za ta ɗauka ba sai ta roƙa ba. A shekarun nan wata karon farko ke nan. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro ɗaya. Ledar katifa ga kowa, don mai fitsarin kwance kada a gane shi. Zazzaɓi kuma a kai a gwada jini, ba a ba da maganin maleriya da ka. Dare na uku zuwa na huɗu ake kukan gida, ku sa kiran waya ranar Lahadi, su san da ita tun farko.

Baban Ummi, Agege

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, an rubuta. Malama, sauran ɗaya: masu nema sun haura gurbin da muke da shi. Mu ɗauki na ɗaya zuwa na uku a aji?

Malama Mai Alli

A'a, Baban Ummi. Matsayi a aji yakan nuna wanda ke zuwa kullum da mai kyan rubutu, yarinyar da talla ke sa ta makara ba za ta fito a nan ba. Ku tara su wata Asabar, ku ba su tambaya ɗaya da ba a koya a aji: mutum shida sun yi musabaha, kowa da kowa sau ɗaya, musabaha nawa? Amsar 15 ce, amma ba ita za ku duba ba. Ku duba wanda ya zana, wanda ya ce 30 sannan ya gane ya ƙirga sau biyu, da wanda bai ajiye biro ba bayan minti ashirin. Ku adana takardun gwajin ranar farko, ku maimaita irinsa ranar ƙarshe da wasu lambobin. Tun yanzu kuma ku nemi aji ɗaya a Agege da za su riƙa haɗuwa Asabar biyu a wata bayan an koma makaranta a Satumba, ku sa kuɗin motar 'yan Mile 12 da Idi-Araba cikin kasafin.