Yaudara a yaƙin sararin samaniya: dabara ce ko cin amana?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina nan a kan bakana cewa a EVE Online, wasan kwamfuta na intanet da 'yan wasa ke kafa ƙungiyoyi suna yaƙi da jiragen sararin samaniya, duk abin da ya kai mutum ga nasara ba tare da ya karya dokar masu wasan ba, to dabara ce, kuma babu dalilin kiran sa da wani suna. Kamfanin CCP na ƙasar Aisland, wanda ya fito da wasan a 2003, da gangan ya bar ƙofar leƙen asiri da damfara a buɗe. Abin da ya haramta shi ne kutsawa cikin asusun wani, da cin gajiyar kuskuren manhaja, da sayar da kuɗin wasan a kan kuɗi na gaske ta bayan fage. Duk wanda ya shiga ya san sharaɗin, kuma Bahaushe ma ya ce yaƙi ɗan zamba ne.

Malamin Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Idan ka ajiye jirgi guda a kusa da ƙofar shiga yankin abokan gaba, ya yi kamar ya ɓata hanya, suka ruɗu suka yi masa caa, sai matuƙinsa ya riƙe su ya kunna fitilar nan da ke bai wa manyan jirage damar dirowa daga nesa, rundunarku ta faɗo musu kafin su ankara, wannan basira ce, kuma zan yaba maka ko da ni aka yi wa. Mutumin ya san kai abokin gabarsa ne, kwaɗayinsa ne ya kai shi ya baro. Amma ka dubi abin da ƙungiyar Guiding Hand Social Club ta yi a 2005. Mutanenta sun shiga ƙungiyar Ubiqua Seraph, suka shafe kusan wata 10 suna nuna biyayya har aka damƙa musu mabuɗan rumbuna, sannan a rana ɗaya suka harbo jirgin shugabar ƙungiyar suka kwashe dukiyar. A nan jirgin na wasa ne, amma yardar da aka ba su ta gaske ce, domin mutane ne masu rai suka yi ta hira da su dare da rana tsawon watannin nan.

Hajiyar Barnawa: Malam, ina ganin girmanka, amma ina ganin ka ɗora nauyin a wuri guda. Shugaban da ya tara duk mabuɗai a hannun mutum ɗaya shi ma yana da abin tambaya. A watan Fabrairun 2009 babbar haɗakar Band of Brothers, wadda ta daɗe tana juya akalar wani makeken yanki, ta rushe ne saboda darakta guda ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren abokan gabarta, Goonswarm, ya yi amfani da ikon da aka ba shi ya wargaza ta. Rundunar da aka kasa murƙushewa a fagen fama ta faɗi ta hannun mutum ɗaya, kuma tsarin da ya ba shi wannan iko su da kansu suka gina shi. Haka kuma yaƙin da aka yi a yankin B-R5RB na cikin wasan a Janairun 2014 ya samo asali ne daga kuɗin mallakar yanki da ba a biya a kan lokaci ba. Abokan gaba suka ga ɓaraka suka shiga, aka kwashe kimanin awa 21 ana gwabzawa, aka yi asarar manyan jirage samfurin Titan guda 75. Shin waɗanda suka ci gajiyar wannan sakaci su ma maciya amana ne?

Malamin Unguwar Rimi: A'a, Hajiya, ba su ba ne, kuma misalin nan ni ya taimaka wa. Babu wanda ya yi wa masu B-R5RB alkawari sannan ya saɓa. Sakacin mai gida da ya bar ƙofa a buɗe ba ya wanke wanda aka ba ajiya ya gudu da ita.

Yayan Tudun Wada: Bari in sa baki daga ɓangaren wanda ke jagorantar runduna. A 'yar ƙungiyarmu mun lura cewa duk inda muka shirya kai hari sai mu tarar ana jiran mu da jiragen da suka fi dacewa da karya namu, wanda ke nuna cewa wani yana sauraron umarninmu yana miƙawa. Abin da muka yi shi ne, muka raba waɗanda muke zargi gida-gida, aka faɗa wa kowane rukuni wurin haɗuwa daban, sannan muka tura ɗan ƙaramin jirgi mai ɓuya ya duba inda abokan gaba suka yi kwanton ɓauna. Wurin da suka je shi ya nuna mana rukunin da labarin ke fita. Ni ma ƙarya na yi wa mutanena a ranar, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, don haka layin da Malam ya shata bai fito mini sarai ba kamar yadda ya fito masa.

Malamin Unguwar Rimi: Yaya, kai ka yi ne don kare waɗanda suka yarda da kai, kuma na tabbata daga baya ka yi musu bayani.

Yayan Tudun Wada: Na yi musu, amma biyu daga cikinsu ba su ji daɗin an saka su cikin zargi ba, kuma ɗaya bai sake fita da mu ba.

Ɗan Kawo: Wannan shi ne abin da nake nufi, Malam. Leƙen asiri da maganinsa suna cikin ginin wasan, kuma ƙungiyar da ta ce ba za ta tura ɗan leƙe ba za ta yi ta yaƙi a makance alhali ana kallon ta. Ni dai zan ci gaba da goyon bayan mu tura namu.

Malamin Unguwar Rimi: Idan aikinsa ya tsaya ga kawo labarin yawan jiragensu da lokacin fitarsu, ba zan hana ba. Amma ranar da aka ce ya nemi muƙami a cikinsu don ya buɗe rumbunsu, ku cire sunana daga cikin masu raba ganimar.