Tsarabar Kumasi: wa ya riga wani barci?

Ɗan Nima:
Jiya na dawo Ankara (Accra) daga Kumasi, kwana uku na yi. Ga tsarabarku, 'yan Aboabo.

Na bar Ankara la'asar sakaliya,
Nsawam da Nkawkaw na ratsa lafiya,
Na sauka Asafo, ciki ba ko miya,
Adum ya rufe tun goma ta dare.

A Nima sha biyu ne ake farawa,
Mai shayi na can ƙwai yake soyawa,
Ataya har zubi uku ake kurɓawa,
Ku kun bar garinku a hannun kare.

Yaron Aboabo:
Ɗan Ankara ne amma bai ankara ba,
Adum kasuwa ce, ba wurin hira ba,
Bantama na can, ƙafarsa ba ta taka ba,
Inda hayaƙi ke tashi kan tsire.

Wata guda cur Ankarawa kan hana kiɗa,
Kafin bikin Homowo ba ganga, ba guɗa,
Mai lasifika ma sai ya koma raɗa,
Birnin da ba ya barci, ga shi a ɗaure.

Hajiya Mai Fura:
Allah ya ƙara basira, ɗana! Baƙo ko da ido makaho ne.

Ɗan Maamobi:
Hajiya, da girmanki. Don ɗan unguwarku ne ko tari ya yi sai ki rangaɗa guɗa.

Hajiya Mai Fura:
To kai ma yi tarin mu ji.

Ɗan Nima:
Wata ɗaya muke wa masu gari ladabi,
Girmama mai masauki ai ba aibi,
Sha ɗayan da suka rage Osu za ka bi,
Ka zarce Labadi, ku kuwa teku sai dai a hoto ku more.

Malam na Alabar:
Yara, ku dakata. Ɗan Nima, wannan ɗangon naka na ƙarshe ya yi tsawon layin mota a Nsawam. Ka cusa magana biyu a ɗango ɗaya don kawai ka kai ga "more". A ƙasar da Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi waƙa har ya rasu a 1934, bai kamata a kawo mana baiti mai ɗingishi ba.

Ɗan Maamobi:
Baba Malam, ka ƙirga na Yaron Aboabo ma. "Bantama na can, ƙafarsa ba ta taka ba" gaɓa 13 ne, ɗangon da ke binsa 11. Ko ma'aunin ba ya aiki kan 'yan Kumasi?

Malam na Alabar:
Kari ba ƙirgen gaɓa ba ne, ɗana, nauyi ne da sauƙi. Rera shi ka ji. Laifinsa daban ne: "ba" sau uku ba amsa-amo ba ne, ragwanci ne.

Yaron Aboabo:
Haba Baba Malam, ni ma?

Malam na Alabar:
Kai ma.

Ɗan Maamobi:
To tunda shirun dare ake nema, ga nawa kan ƙwallo: Hearts ɗinmu ta Ankara da Kotokonku ta Kumasi.

Janairun 2005 zan tuna muku,
Hearts ta zo Kumasi har cikin filinku,
Da fenariti ta ɗauke kofi a gabanku,
Ranar Bantama ma an kashe wutar tsire.

Yaron Aboabo:
1970 muka ɗau kofin Afirka,
1983 muka sake, tambayi babanka,
Naku na 2000 shi kaɗai ke rakiyarka,
Biyu da ɗaya, wa zai jera su tare?

Ɗan Maamobi:
Ka cire babana daga ciki. Kuma na 2005 ɗin fa, ba kofi ba ne?

Yaron Aboabo:
Ƙaramin ne. A gai da Baba, na janye.

Malam na Alabar:
Wai shin yaya ake rera 1983 a cikin kari? Wani ya rera min.

Direban Asafo:
Afuwan, yanzu na sauke fasinja, sai na tarar an yi nisa. Ni da ke kwana tsakanin garuruwan nan biyu, ga abin da na gani.

Circle ta Ankara da dare kamar rana tsaka,
Hannu kan aljihu, ido kan jaka,
Kejetia kuwa kafin zakara ya yi kuka,
Masu doya sun sauke kaya a jere.

Hajiya Mai Fura:
Ka ji mai gaskiya. Mu da wuri muke kwanciya don da wuri muke tashi.

Ɗan Nima:
Hajiya, bai ce haka ba, ke kika ƙara. Direba, ranar Juma'a ka ajiye min kujerar gaba, zan je in ga Bantaman nan da idona. Yaron Aboabo, tsiren a wuyanka.

Yaron Aboabo:
Tsinke biyu. Na uku da sidinka.

Malam na Alabar:
Har yanzu ba a gyara min ɗangon Labadi ba.