Jinin Baffa ya sauka: a ajiye ƙwaya a koma zoɓo?

Daga zauren WhatsApp na wani gida a Gombe

Baffa: Assalamu alaikum. Yau an auna ni a kemis ɗin unguwarmu nan Jekadafari, 128 bisa 80. Alhamdulillahi hawan jini ya tafi. Na ajiye ƙwaya, zoɓo marar sukari ya ishe ni. Ba zan ƙare rayuwata ina haɗiyar maganin Bature ba.

Adda (nas): Wa alaikumus salam. Baffa, Allah ya ƙara lafiya, yaushe rabonka da ita?

Baffa: Shekaranjiya.

Adda: To ai aikinta ne ka gani a na'urar. Amlodipine, wato ƙwayar da kake sha, tana daɗewa a jiki, kwana biyu ba su isa ta fita ba. Ba warkar da ciwon take yi ba, danne shi take yi. Tana gama fita jinin zai sake haura 140 bisa 90, kuma da yawa ko ciwon kai ba sa ji, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Allah ya kiyaye.

Kawu: Ku 'yan boko komai sai tsoratarwa. Ƙafarsa fa kumbura take yi tun da ya fara sha. Kuma kowa ya san ƙwayoyin nan ke cinye ƙoda.

Adda: Kumburin gaskiya ne Kawu, sanannen halin wannan maganin ne, likita kan rage shi ko ya canza wani. Amma zancen ƙoda an juya shi ne. Hawan jinin da aka bari sakaka shi ke lalata ƙoda, shi da ciwon suga.

Hamma: Ni dai kada a raina zoɓo. An yi bincike an ga yana ɗan sauke jini. Matsalata da shi ba shi da ma'auni. Na Goggo yau kauri, gobe ruwa-ruwa in baƙi sun yi yawa.

Goggo: Kai Hamma ka kiyaye ni.

Hamma: Tuba nake Goggo. Amma tunda kin fito, a zo kan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Dunƙule kuwa yawancinsa gishiri ne. Ga kanwa, ga yajin tsire, ga kilishin da Baffa ke ɓoyewa a mota.

Goggo: Miyar kuka ba dunƙule? Shi zai fara ture kwanon. Kuma ba zan ɗora tukunya biyu ba, gawayi ba kyauta ake ba ni ba.

Adda: Tukunya ɗaya Goggo, kowa ya ci. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ki ƙara daddawa da albasa da citta. Cikin makonni harshe ke sabawa.

Auta: Ni na fi zargin mantuwa. Na sa masa ƙararrawa a waya, kashewa yake yi ya juya.

Adda: Bar wayar. A ajiye ƙwayar tare da carbinsa, yana sallame asuba ya sha. Sau ɗaya ce a rana, ko da azumi likita zai iya mayar masa da ita sahur ko buɗa-baki.

Kawu: Duk kun kauce wa maganar. Nawa ake sayar da ita yanzu? Ɗan fansho ne fa.

Baffa: Yauwa Kawu, ka faɗa musu. Litinin zan je asibiti a duba ƙafar, amma zoɓona ba mai hana ni.

Adda: Ka sha abinka, ka dai gaya wa likita kana sha. Ta gobe da asuba fa?

Baffa: Saura ƙwaya huɗu a katin.

Hamma: Adda turo min sunan da miligiram ɗin. Na wata uku ni da Auta za mu raba.

Auta: Ni da nake bautar ƙasa?