Tablet ɗin da muke juya miksa da fitilu da shi: wane suna za mu raɗa masa?

1/
Ranar Asabar a wajen wata walimar saukar Alƙur'ani, ina tsaye can bayan rumfa ina rage ƙarar lasifikar ɓangaren mata, sai wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, malam yana magana kana latsa waya?" Na ce, "A'a Baba, muryar malam ɗin nake gyarawa." Ya leƙo ya ga layukan kore suna hawa suna sauka daidai da maganar malam, ya ce, "Ikon Allah. To mene ne sunan abin?" Na rasa kalmar Hausa da zan ba shi. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na kawo shi gabanku, musamman 'yan uwana masu aikin sauti da fitila.

2/
A bakin aiki tablet muke cewa, ko tab. Wasu kuma kowanne iri suka gani iPad ne, ko da Samsung ne, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. 'Yan uwanmu na Nijar sun ɗauko tasu daga Faransanci, ita ma kusan haka take fita. Matsalar ita ce a kunnen Bahaushe tablet ƙwayar magani ce. Ka aiki sabon yaro ya ɗauko maka tablet a mota, sai ya tsaya yana tambayar ko kanka ne ke ciwo.

3/
"Kwamfutar hannu" ba ta raba gardama, don da yawa laftof suke nufi da ita. "Babbar waya" kuma ba gaskiya ba ce, yawancin waɗanda muke aiki da su ko gurbin layi ba su da shi. "Kwamfutar tafi-da-gidanka" ta riga ta sami mai ita, ga tsawo. Sunan da ba za ka iya ƙwalla wa yaronka shi cikin hayaniyar biki ba, ba zai zauna ba.

4/
Ni inda hankalina ya tsaya shi ne allo.

Kalmar tablet daga tabula ta Latin ta fito, wato shimfiɗaɗɗen katako da ake rubutu a kai. Allon namu daga Larabci muka aro shi, al-lauh, kuma Larabawan yau da wannan kalmar suke siffanta na'urar, suna cewa hasub lauhi. Ashe sunan yana tsangaya tun kaka da kakanni. Ku dubi yadda almajiri yake ɗora allonsa a cinya, ya yi rubutu, ya wanke, ya sake wani. Girman ma kusan ɗaya, riƙon ma iri ɗaya.

Na san wani zai ce allo yana da alfarma, kada a haɗa shi da kayan kiɗa. Na girmama wannan. Amma Hausa ta daɗe da faɗaɗa kalmar: akwai allon aji, allon talla a bakin titi, allon waya, har allon kafaɗa. Don kada a rikice, sai mu ce allon hannu. Wannan ya ishi ɗalibi da likita da kowa.

5/
Mu kuwa a sana'armu akwai ƙarin abin da nake so sunan ya faɗa, don a nan ne mutane suke asarar kuɗi.

Sauti ba ya bi ta cikin allon. Murya tana fita daga makirufo, ta bi waya zuwa miksa (na'urar da ke haɗa muryoyi tana daidaita ƙarar kowace), daga miksa zuwa amfilifaya da lasifika. Allon umarni kawai yake aikawa ta Wi-Fi: ƙara wannan, rage wancan, toshe na uku. Idan batirinsa ya mutu ana tsakiyar wa'azi, muryar malam ba za ta ɗauke ba, za ta ci gaba yadda ka bar ta. Kai ne dai ba ka da ikon taɓa komai, kamar mahayin da linzami ya suɓuce masa doki na tafiya.

Shi ya sa nake ba da shawarar allon linzami. Hausa ta saba da wannan aron, ga makami mai linzami, ga linzamin kwamfuta. Na gwada akala da ragama, amma su daga gaba ake jan dabba da su. Linzami yana hannun wanda ke zaune yana ganin hanya, yana karkata dama da hagu da ɗan motsi kaɗan, kuma aikinmu ke nan. Rimot ma bai isa ba, don rimot ba ya nuna maka abin da ke faruwa, allon kuwa yana dawo maka da ma'aunin kowace murya.

6/
Wanda ya fahimci linzami ne, ba zai je ya sayi mafi tsada yana zaton sautinsa zai ƙara daɗi ba. Tambayar farko ita ce wace manhaja miksarka take ji. StageMix ta Yamaha a iPad kaɗai take aiki. Mixing Station tana hawa Android da iPad duka, tana kuma juya miksocin Behringer da Midas da Allen & Heath. Soundcraft Ui24R ba ta ma buƙatar manhaja, ta burauza ake shiga. Sai ka san dokinka kafin ka sayi linzami.

Ka kuma duba ko miksar tana da feda a jikinta, wato maɓallan da ake turawa sama ko ƙasa don ƙara ko rage murya. Behringer X32, wadda ta fito a 2012, tana da su, allon ƙari ne kawai. XR18 kuwa akwati ne da ramukan waya, babu feda ko ɗaya. A wurinta idan allo ya tafi, hannunka ya tafi.

7/
Wannan na ɗanɗana shi a wani ɗakin biki. Mun gwada komai da la'asar, zaure babu kowa, lafiya lau. Da baƙi suka cika bayan isha, kowa da waya a aljihu, sai allon ya fara tsinkewa. Makirufon mai gabatarwa ya kama kuwwa, ina ja ƙasa a kan gilashi, miksa ba ta ji. Sai da na ratsa tsakanin kujeru da gudu na zare wayar makirufon da hannu. Dalili shi ne Wi-Fi ɗin da ke cikin XR18 a zangon 2.4 GHz yake, zangon da ya fi kowanne cunkoso. Tun daga ranar nake yawo da rawuta (akwatin da ke ba da Wi-Fi) ta daban mai 5 GHz, in ɗaure ta sama da kawunan mutane, in sa mata kalmar sirri, in kuma ajiye laftof da aka haɗa da kebul kusa da miksa. To ka tabbata allon da za ka saya yana ganin 5 GHz, don wasu masu araha ba sa gani.

Sauran abubuwan gajeru ne. Inci 10 ko 11 ya fi, don a inci 8 yatsa yana kama feda biyu lokaci ɗaya. Haskensa ya iya ganuwa a fili da rana. Kada kuma ka bar shi a kan teburi cikin zafin Afrilu, zai kashe kansa sai ya huce.

8/
Masu fitila ma sunan ya ɗauke ku. Fitilun dandamali da DMX512 suke magana, tsarin da aka kafa a 1986: layi ɗaya hanyoyi 512, kowace hanya daga 0 zuwa 255. Allon ba ya jin wannan yaren kai tsaye, sai an sa ɗan akwatin da ke juya Art-Net ko sACN, wato yaren da allon ke aika umarni da shi, zuwa DMX. Manhajar Luminair, da mutane da yawa suke so, ta kayan Apple ce. Daɗin abin shi ne ka tsaya a kan dandamalin, daidai inda amarya za ta zauna, ka juyo fitila kanka ka ga ko tana kashe ido.

9/
Na fara gwada shi a bakin yaran shagonmu kwana uku ke nan. "Miƙo allon linzami" ya shige su ba gardama. Jiya da haɗin ya yanke muna gwaji, ƙaraminsu da kansa ya ce, "Maigida, linzami ya tsinke," ban koya masa ba.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku faɗa da baki ku ji ko ya zauna muku. Idan mun gama da wannan, feda da miksa suna jira.