Yayata na so in ɗaukar mata ciki, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Ni bazawara ce, shekarata 31, maigidana ya rasu ya bar min yara biyu. Yayata da muke ciki ɗaya ta daɗe a gidan miji ba haihuwa. Ƙari ne ya cinye mata mahaifa har likitoci suka cire ta, amma ƙwayayenta na haihuwa suna nan lafiya. Yanzu a wani asibiti a Abuja an ce mata za a iya ɗibar ƙwanta a haɗa da maniyyin mijinta, sai a dasa a mahaifar wata macen ta raini cikin har ta haife. Ta same ni har ɗaki tana kuka, wai ni take so, ba ta yarda da bare ba. Mijinta ya ce zai ɗauki nauyin karatun yarana, ya kuma ba ni jari. Wallahi ina cikin matsi, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, nauyin ce mata a'a nake ji. Ko Baba ban gaya wa ba. Yaya zan yi?

Wata daga Zariya: Innalillahi. Baiwar Allah, ciki ba miji? Me za ki ce wa mutanen unguwa, me za ki ce wa dangin marigayi? Kafin ki gama bayanin asibiti sun riga sun raɗa wa cikin suna.

Malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya saka miki da tausayin 'yar uwarki. Wannan mas'ala malamai sun daɗe da zama a kanta. A 1984 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ba da dama a sura ɗaya tak, wato idan mai ɗaukar cikin kishiya ce, matar mijin ta biyu. A 1985 suka sake zama suka janye, saboda kishiyar za ta iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa gane na wace ce. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta haramta aron mahaifa baki ɗaya. Dashen ciki tsakanin miji da matarsa, da ƙwanta da mahaifarta, suna cikin aure, wannan sun halatta.

Ki duba lamarinki. Ruwan namijin da ba mijinki ba ne zai zauna a jikinki, namijin da ko aurensa bai halatta gare ki ba muddin yayarki na gidansa, don aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta hana haɗa 'yan uwa biyu. Sannan Suratul Mujadala aya ta 2 ta ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su. To wace ce uwa, mai ƙwai ko mai naƙuda? Wa zai gada? A Iran wasu malaman Shi'a sun halatta, amma malamanmu na nan ba a kan haka suke ba. Ki je da yayarki wurin malamin da ita ta yarda da shi, ta ji da kunnenta, kada a'ar ta fito daga bakinki ke kaɗai.

Maman 'yan biyu: Ku dinga sassauta harshe. Wanda bai zauna shekara da shekaru ana yi masa gorin haihuwa ba bai san abin da ke kai mace ga irin wannan roƙon ba. Yayarta ba muguwa ba ce, ƙuntata ce ta yi mata yawa.

Ma'aikaciyar jinya: Ni ɓangaren jiki zan taɓa, don shi ake yawan rufewa. Ba dasawa kawai ake yi a tashi ba. Za a ɗora ki a kan magunguna da allurai na shirya mahaifa, ki ci gaba da su har wajen wata uku na farkon ciki. Dashen farko ba lallai ya kama ba, sai a sake. Wasu asibitocin suna dasa biyu don ƙara sa'a, ki wayi gari da tagwaye, su kuma suna zuwa da hawan jinin ciki, jijjiga, haihuwar bakwaini da zubar jini bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata 1,047 ne ke mutuwa a Najeriya cikin kowace haihuwa dubu ɗari. Yaranki marayu ne, ke kaɗai kika rage musu. Haihuwarki biyun nan da kanki kika yi ko aiki aka yi miki?

Mai tambaya: Na farko da kaina, na biyu aiki aka yi min, jinina ne ya hau.

Lauya: Hajiya, har yanzu babu dokar tarayya da ta tsara aron mahaifa a Najeriya. Jihar Legas ce ta fitar da ƙa'idoji ga asibitocin dashen ciki a 2019, su ma ba su shafi Abuja ba. Takardar da za a ba ki ki sa hannu, lauyan asibiti ko na mijin ne zai rubuta, don kare kansu. Idan ciki ya zube, wa zai biya jinya? Idan aka haifi yaron da naƙasa suka ja baya fa? Idan auren ya mutu kina wata shida? Sunan wa za a sa a takardar haihuwa? Ko a Ingila da suke da doka tun 1985, wadda ta haihu ita ce uwa a shari'ance sai kotu ta mayar da yaron ga masu ƙwai. Indiya kuwa a 2021 ta hana yin sa don kuɗi, bayan an daɗe ana cin gumin matan talakawa. Alkawarin jari da kuɗin makaranta na baka ne, kuma tsakanin dangi ba a iya zuwa kotu a dawo ana gaisawa.

Inna daga Maraɗi: 'Yata, tun kafin asibiti muna da riƙo. Ni kaina gwaggona ce ta tallafe ni tun daga yaye, ita ta aurar da ni, ba wanda ya taɓa ce mata juya a gabana. In kina son share wa yayarki hawaye, ba ta ɗaya daga cikin naki ta riƙe, da yardar dangin ubansu. Mijin da ke da kuɗin dashe ai yana da kuɗin makarantar maraya, ba sai an yi cinikin cikinki ba.

Ma'aikaciyar jinya: To kin ji. Mai tabon aiki a mahaifa da tarihin hawan jini a ciki, likitan kirki zai yi jinkiri sosai kafin ya karɓe ki, don hawan jinin na iya dawowa, tabon kuma na iya buɗewa. Ki nemo katin asibitinki na haihuwar ƙarshe, ki kai wa likitan mata na daban, wanda ba ya cikin asibitin da zai karɓi kuɗin dashen, ku tafi tare da yayarki ya yi muku bayani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Katin yana nan. Zan fara gaya wa Baba, shi zai kira ta, don ni in ta sake yin kuka a gabana ba zan iya buɗe baki ba.